A kira sojan waje ya zo ya yi mana maganin 'yan bindiga?

Sani Batsari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun da Trump ya ce a Nuwambar 2025 zai iya turo sojan Amurka Najeriya nake ganin kowa na ta kumfar baki, wai ba mu yarda ba, wai 'yancin ƙasa. Zan faɗi abin da ke raina ko za a zage ni. Dalilin da ya bayar, wai Kiristoci ake kashewa, ban yarda da shi ba, don mu da ake kashewa a Batsari da Safana da Faskari da Ƙanƙara ai Musulmi ne. Amma idan akwai wanda zai zo ya share dajin Rugu, ko daga ina ya fito, wallahi ina maraba da shi. Gonarmu ta gado ta koma daji, ba mai iya zuwa. Ƙanwata na cikin takaba yanzu haka, an karɓi kuɗin fansa kuma ba a sako mijin da rai ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa mashi kamawa zai yi.

Hajiya Binta Ƙofar Sauri: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan shi da rahama, ya ba ta dangana, ya raya abin da ya bari. Jama'a duk wanda zai amsa wa Sani ya tuna daga inda yake magana.

Malam Lawal Rafindaɗi: Amin. Ƙanena Sani, Allah ya ƙara haƙuri. Ba zan ce maka na san zafin da kake ji ba, don ina kwana cikin birni. Abin da nake roƙo shi ne ka ba ni dama in tuna maka Libiya, saboda abin da ya faru can yana cikin abin da ke cinmu yau.

A watan Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, aka ce za a kare fararen hula a Bengazi. Najeriya tana cikin kwamitin a lokacin, kuma ta ɗaga hannu ta amince, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. Jiragen NATO suka yi wata bakwai suna ruwan wuta. Ran 20 ga Oktoba aka kashe Gaddafi a Sirte, ƙarshen watan NATO ta ce aiki ya kammala, kowa ya kama gabansa. Wa ya tsaya gadin rumbunan makamai? Babu. Watanni uku ba su cika ba tawaye ya ɓarke a arewacin Mali a Janairun 2012, da mutanen da suka dawo daga Libiya ɗauke da makamai. Daga Mali wutar ta ci Burkina Faso da yammacin Nijar. Marigayi Buhari, Allah ya jiƙan shi, ya sha faɗa a gida da waje cewa rushewar Libiya ta ƙara cika dazukanmu da bindigogi.

Su kansu 'yan Libiya da aka ce an je ceto fa? Garin Tawarga, mai mutum kusan 40,000, yawancinsu baƙar fata, an kore su kaf daga gidajensu. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon 'yan Afirka kamar kaya a kasuwa, kuma daga cikin waɗanda aka riƙa kwasowa gida bayan nan akwai dubban 'yan Najeriya. Obama da bakinsa ya ce a 2016 rashin shirya abin da zai biyo bayan faɗuwar Gaddafi shi ne kuskurensa mafi muni. Ya faɗa, an wuce wurin. Mu ne muke biya har gobe.

Aminu Funtuwa: Malam, da girmamawa, kullum aka taɓo wannan magana sai ku kawo Libiya da Iraƙi, sai ka ce su kaɗai ne tarihi. Ruwanda fa? A 1994 an kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana 100, sojan Majalisar Ɗinkin Duniya na ƙasar, maimakon a ƙara su sai aka rage su zuwa 270. Waɗannan rashin shiga ne ya kashe su. Gambiya kuma, Jammeh ya faɗi zaɓe a Disambar 2016 ya ce ba zai sauka ba, a Janairun 2017 da ya ga sojan ECOWAS sun tsallaka iyaka sai ya hau jirgi, ba a yi yaƙi ba. Saliyo kuma sojanmu ne suka maido da Tejan Kabbah a 1998. Ba kowace shiga ce ɓarna ba. Zama a naɗe hannu ma yana da gawawwakinsa, sai dai su ba a ƙirga su a kan kowa.

Malam Lawal Rafindaɗi: Maganar Ruwanda gaskiya ce, ba ni da ja. Abin kunya ne ga duniya duka. Gambiya kuma ka lura sojan Jammeh ne suka ƙi yin faɗa. Da sun harba ko sau ɗaya, wani labarin za mu ba da. Saliyo kuwa akwai wanda ya fi ni sani a zauren nan. Baba, ko za ka yi mana magana?

Baba Soja: Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mani, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe.

Aminu ɗana, ina Fritawun a Janairun 1999 lokacin da 'yan tawaye suka shigo gari. Sun sa mata da yara a gaba, su suna baya suna harbi. Ka gaya mani wa za ka harba. Na ga mutanen da aka datse wa hannu suna tafe suna neman asibiti, har da yarinyar da ba ta isa shiga makaranta ba. Mun kore su, wannan gaskiya ne, kuma mutanen garin sun yi mana addu'a. Ban yi nadamar zuwa ba.

Amma abin da ba a faɗa maku a rediyo ba zan faɗa. Da faɗa ya yi zafi, sojan da ya ga an kashe abokinsa da safe ba ya tsayawa bincike da yamma. An nuna yaro an ce ɗan tawaye ne, magana ta ƙare. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin ya zargi ECOMOG, wato rundunarmu ta ECOWAS, da kashe mutane ba shari'a. Mu da muka je ceto ke nan, mu da muke 'yan Afirka kamarsu, muna cin abinci irin nasu. To ina ga wanda bai san bambancin Bafulatani makiyayi da ɓarawon daji ba, bai san ɗan sa-kai da ɗan bindiga ba?

Sannan namu da suka mutu. Obasanjo ya ce a 1999 Najeriya ta kashe kusan dala biliyan 8 a Laberiya da Saliyo. Kuɗi an ƙirga. Gawawwakin abokanmu kuwa ba a yi masu wata sanarwa ba. Matansu sun yi shekaru suna bin haƙƙin mazansu daga wannan ofis zuwa wancan, wasu har suka bi mazan ba su karɓa ba. Laberiya da muka shiga a Agustan 1990, aka ce mana aikin ɗan lokaci ne, sai 1997 aka yi zaɓe, Charles Taylor ɗin da muka je tarewa shi ya ci, yaƙi ya sake dawowa har 2003. Mahaifina ya yi Boma a yaƙin Hitila, shi ma abin da ya gaya mani ke nan, ranar tafiya kowa ya san ta, ranar dawowa ba mai faɗa maka.

Aminu Funtuwa: Allah ya saka da alheri Baba, ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama. Amma ka ce ba ka yi nadama ba. Ke nan da ba ku je ba da abin ya fi muni.

Baba Soja: Mai yiwuwa ne. Allah ne masani. Ni dai na ce kada wanda bai taɓa jin warin filin daga ba ya kira yaƙi da sauƙin baki.

Alhaji Mamman Kongolam: Jama'a ku bar zuwa nesa. Mu nan bakin boda mun ɗanɗana, kuma ko harsashi ɗaya ba a harba ba.

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da shugaban Nijar Bazoum. Ran 30 ga wata ECOWAS ta zauna Abuja ta ba da wa'adin kwana bakwai, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinsu. Ran 10 ga Agusta aka ce a shirya rundunar ko-ta-kwana. Ku tambayi duk mai sana'a daga Magama ta Jibiya har Kongolam yadda muka kwana a watannin nan. Tireloli sun yi layi, kayan gwari sun ruɓe a cikin mota, direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako da masu sayar da abinci a tasha duk suka zauna. Kasuwar Mai'aduwa da ke cika da dabbobin Nijar ta yi sanyi. Janar Tchiani bai rasa abincin dare ba ko sau ɗaya. Mu muka rasa.

Kuma da wa za a yi yaƙin? Uwar 'ya'yana 'yar Matamaye ce. Lokacin da mahaifiyarta ta kwanta ciwo, ta hanyar daji a kan babur ta je duba ta, kamar mai laifi. Sarkin Maraɗi har yau Sarkin Katsina ake ce mashi, don zuriyar sarakunan da suka bar Katsina ne bayan jihadi. Jihohi bakwai ke iyaka da Nijar, Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Bam ɗin da aka jefa Damagaram, a Daura za a yi zaman makokinsa. Allah ya saka wa sanatocin da suka ƙi amincewa da amfani da soja, da malaman da suka tafi Yamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, da Abdulsalami da Sarkin Musulmi da suka yi ta kai da kawowa. Sai ran 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, aka buɗe boda a Maris. Me aka samu? Bazoum na tsare, Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS, mu kuma jarinmu ya karye.

Hauwa Nas Daura: Alhaji ka taɓo inda ke yi mani ciwo. Ni ma'aikaciyar jinya ce, in aka ce an yanke wuta ba fadar shugaban ƙasa nake gani ba, can akwai janareto. Ina ganin firjin da ake ajiye allurar rigakafi, da jinin da aka tanada don mai naƙuda, da jaririn da aka haifa bakwaini yana cikin kwalba. A watannin nan hukumomin agaji sun yi ta kukan kayan magani da abincin yara masu tamowa sun maƙale a iyakar Benin. Yaron da ya mutu a haka ba ya shiga lissafin yaƙi. Za a rubuta zazzaɓi ko gudawa, shi ke nan.

Kuma kada mu manta, da 'yan bindiga suka kori mutanenmu daga 2019, dubban 'yan Katsina da Zamfara da Sakkwato jihar Maraɗi suka gudu, mutanen can suka ba su masauki. Waɗannan ne muka yanke wa wuta.

Umar Mai'aduwa: Shi ya sa ni nake jinjina wa sojojin Sahel. Sun kori Faransa, sun kori Amurka daga Agadas, sun ɗauko Rasha. Mu ma abin da ya kamata mu yi ke nan, mu rabu da Turawan yamma mu kira Putin.

Malam Lawal Rafindaɗi: Umar, ka canza mai bindigar ne kawai. Ka nemi labarin Mura a tsakiyar Mali. A ƙarshen Maris 2022, ranar kasuwa, sojan Mali da wasu fararen fata suka sauka da jirage masu saukar ungulu, suka tsare garin kwana biyar. Binciken ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 500 aka kashe, akasarinsu ba su ɗauke da makami. Kafin nan, a Janairun 2021, jirgin Faransa ya yi luguden wuta a Bunti, binciken Majalisar ya ce taron biki ne, fararen hula 19 suka mutu, Faransa ta musanta. Bafaranshe ya kashe ya musanta, Barashe ya kashe ya musanta. Uwar da ta rasa ɗa ba ta da kotun da za ta kai ko ɗaya daga cikinsu.

Kuma a duba aikin. Faransa ta shiga Mali a 2013, a wani lokaci sojanta a Sahel sun haura 5,000, ta fita a 2022 masu iƙirarin jihadi sun fi da yawa. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas, ta ajiye soja kusan 1,000 a Nijar, kashe-kashen Tillaberi ba su tsaya ba.

Sani Batsari: Na karanta duka. Malam, Baba, Alhaji, na gode. Amma har yanzu ba wanda ya ce mani ga abin da za mu yi. A Disambar 2020 an kwashe yara sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara. A Agustan 2025 an bi mutane har cikin masallaci a Unguwar Mantau ta Malumfashi suna sallar asuba. Ku kuna tsoron abin da zai faru idan baƙo ya zo. Mu abin ya riga ya faru da mu. Kuma Amurka tana da na'urar da ke ganin komai daga sama, ba irin namu ba ce da ke kuskure.

Hauwa Nas Daura: Yaya Sani, wannan ta ƙarshen ce ba zan bari ta wuce ba. Ran 29 ga Agusta 2021 a Kabul, jirgin Amurka maras matuƙi ya bi wata mota na sa'o'i, ya harbe ta a ƙofar gida. Mutum 10 suka mutu, 7 yara ne. Mai motar ma'aikacin agaji ne, jarkokin ruwa ya ɗauko. Da farko sun ce harin daidai ne, sai da 'yan jarida suka tona suka amsa kuskure, kuma ba a hukunta kowa ba. Wannan bayan sun yi shekara 20 a ƙasar ke nan, sun san ta.

Namu kuma mun gani. Rann a Janairun 2017, jirgin sojanmu ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, sama da mutum 100 suka mutu. Tudun Biri ran 3 ga Disamba 2023, ana Maulidi, hukumar agajin gaggawa ta ce 85. Daga sama, taron Maulidi da taron 'yan bindiga duk tarin mutane ne cikin dare. A Tudun Biri aƙalla shugaban sojan ƙasa ya je garin ya ba da haƙuri, an tafi asibiti an duba, an yi ta magana a majalisa. Idan matuƙin yana zaune a wata nahiya, wa za mu riƙe?

Aminu Funtuwa: To amma Anti Hauwa, wannan hujjar ai ta fi nuna gazawar namu. Sojanmu na kuskure, na waje na kuskure, 'yan bindiga ba sa kuskure, kullum suna samun wanda suka zo nema. Ni ban ce a miƙa ƙasa ba. Na ce kada mu rufe ƙofa saboda tsoro.

Malam Lawal Rafindaɗi: Ƙofa ba a rufe take ba Aminu. Jiragen Super Tucano 12 da sojan samanmu ke amfani da su daga Amurka aka sayo. Bayanan sirri, horo, bin sawun kuɗin fansa da dillalan makamai da masu sayen zinaren da ake haƙa a daji, duk wannan taimako ne, a kawo. Abin da nake ƙi shi ne baƙo ya zo da tasa fassarar rikicinmu, ya zaɓi wanda zai harba da kansa, ya tafi ranar da siyasar ƙasarsa ta juya. Wanda ya fara da cewa yaƙin Musulmi da Kirista ake yi a Najeriya bai san Batsari ba. Idan ya jefa bam bisa wannan fahimta, abin da zai tashi a Kaduna da Jos da Kano ya fi ƙarfin kowa. A Iraƙi an shiga a 2003 kan makaman ƙare dangi da ba a taɓa samu ba, aka rusa sojan ƙasar, a 2014 Mosul ta faɗa hannun Da'esh. Masu ƙirga fararen hular da aka tabbatar sun mutu suna maganar kusan 200,000.

Baba Soja: Sani ɗana, bari in ƙara ɗaya. Daji ba a cinsa daga sama. Jirgi ya wuce, ɓarayi su watse, bayan sati su dawo su huce kan ƙauyen da suke zargin ya ba da labari. Abin da ke tsare gari shi ne soja ya zauna a wurin, da abinci da harsashi da mota mai lafiya, a canza shi kan lokaci, in an kira shi cikin dare ya zo. Wannan aikin baƙo ba zai yi maka shi ba, don ba zai yarda 'ya'yansa su mutu a Rugu ba. Namu ne za su yi, kuma namu ne ya kamata mu matsa wa waɗanda ke riƙe da kuɗinsu.

Hajiya Binta Ƙofar Sauri: To tun da an zo nan, ni ina da shawara. Muna da sanatoci uku da 'yan majalisar wakilai. A 2023 da mutanen arewa suka ɗaga murya majalisa ta ji. Malam Lawal ya rubuta takarda, duk mai so ya sa hannu, a kai ofisoshinsu. Abu biyu: duk wata yarjejeniyar soja da wata ƙasa a kawo ta majalisa a fili, kuma a faɗa mana me aka tanada wa ƙananan hukumomin da ke bakin daji.

Aminu Funtuwa: Zan sa hannu idan ba a rubuta cewa mun ƙi taimakon waje gaba ɗaya ba.

Malam Lawal Rafindaɗi: Ba za a rubuta haka ba. Zan turo daftarin nan zaure bayan sallar Juma'a, kowa ya gyara.

Sani Batsari: Ban canza ra'ayi duka ba, gaskiya. Ranar da aka sake shigo mana ban san me zan ce ba. Amma ku rubuta, zan sa hannu. Sharaɗina ɗaya, kada a tsaya kan "matsalar tsaro" kawai. A sa sunayen ƙauyukan da suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Zan bi masu unguwanninmu da ke gudun hijira cikin Batsari da Katsina in tattaro na wajenmu, wani ya ɗauki Safana da Ɗanmusa, wani Faskari da Sabuwa.

Alhaji Mamman Kongolam: Na Jibiya ku bar mani, ina da mutane a Magama.